Kwamfutar Maigirma Na Neman Rago Takwas

Jama'a, ku yi mini afuwa idan rubutun wannan makon ya iso muku da warin tumaki. Jiya wuni na yi ina bin bayan rago, daga Wurogauri har Kalgo, a ƙafa, cikin zafin bazarar nan, kuma har yanzu dugadugaina ba su yafe mini ba.

Ragon nawa ne. Yana ɗan ƙarami aka sayo mini shi a kasuwar Gwandu, ɗan Uda, gabansa baƙi bayansa fari, kamar an fara tsoma shi a marina sai mai rinin ya canza shawara. Da dusa da harawa da ƙasari na raine shi, har ya kai in ya kwanta sai ya yi dogon tunani kafin ya tashi. Ba don kasuwa na yi kiwonsa ba. Bara ruwa ya cinye shinkafar yayana Bawa a fadama, ga matarsa Hadijatu da cikin fari, sai na ce a raina wannan ragon na suna ne, kada a ce ɗan farin gidanmu ya zo duniya ba a yanka masa komai ba. Hadijatu ta sauka lafiya, an samu ɗiya mace, gobe ne suna. An riga an gaya wa dangi har Dalijan.

Jiya da hantsi, Yaya Bawa ya fita gayyata, sai ga sallama a ƙofar gida. Nagoggo ne, masinjan wani ofishi da ba zan kira sunansa ba, wanda ake ce wa shugabansa Maigirma, cikin kakinsa da ya koɗe, da igiya a hannu. Mahaifiyarmu Inno tana tankaɗe a tsakar gida.

"Inno, an kwana lahiya? Aiko ni aka yi. Kwamfutar Maigirma na son rago takwas, kuma an ce gidan ga akwai guda."

Inno ta ajiye rariya. "Wa ke son rago?"

"Kwamfuta."

"Ɗiyar wa ce?"

"Ba mutum ba ce, Inno. Na'ura ce mai ƙwaƙwalwa."

"To, mai ƙwaƙwalwa ce kuma ta rasa abin so sai ragon sunan jikata? Ci za ta yi, ko ita ma haihuwa ta yi?"

"Abin Nasara ne, ba a yi mishi tambaya. Gudunmawar cigaban ƙasa ce. Ni ɗan aike ne."

Maƙwabciyarmu Indo, wadda kunnenta ke kwana a jikin dangarmu, ta leƙo. "Na sha gaya muku aljani ne cikin akwatin nan! Wane irin ƙarhe ne za shi nemi jini?"

Nagoggo ya ce, "Ke Indo, da kina da rago da kin yi shiru."

"Da ina da rago da tun jiya na yanka shi, in huta da ganin wanga kaki naka."

Aka yi ta yi, Inno na roƙo, Indo na zagi, Nagoggo na ɗaure igiya yana ba da haƙuri. Ni bakina ba ya buɗuwa a gaban maza, musamman masu kaki, ko da kakin ya koɗe. Gyalena kawai na ɗauka na bi bayansu. Inno ta ɗaga murya ta tambayi ina motar ofis, tun da tafiyar da nisa. Nagoggo ya ce babu mai, ɗan wanda aka samu janareto ke sha.

Wannan kam gaskiya ya faɗa. Da muka shiga Kalgo mun tarar da layin gidan mai ya miƙe har ya sha kwana ya wuce bayan masallaci. Direbobi sun shimfiɗa tabarmi a inuwar motocinsu, mai shayi ya kafa teburinsa a tsakiyar layin, wani mai a-kori-kura ma na ga kaza ta yi ƙwai a kan kujerarsa. Suka bi mu da kallo. Ɗaya ya ce, "Nagoggo, ragon nan lita nawa yake sha?" Nagoggo ya ja igiya ya ƙara sauri.

Bari in tuna muku tarihin wannan kwamfuta, don na san wasunku sun manta, kamar yadda masu ita suka manta. Bara aka kawo ta, da kiɗa da jawabi da lemon kwalba. Aka tara manoman fadama daga ɓangaren Kalgo har na Gwandu, aka ce zamanin son kai ya wuce, daga yau na'ura ce za ta raba injinan ban ruwa, ita ba ta da ƙane ba ta da suruki. Muka yi tafi har hannu ya yi ja. Tun daga ranar, duk manomin da ya je tambayar injinsa amsa ɗaya ce: kwamfuta na aiki, a dawo. Rani ya shigo, albasa ta bushe, kwamfuta na nan na aiki.

A harabar ofishin muka tarar da raguna bakwai a ɗaure a gindin dogon yaro, manya-manya, farare tas. Nawa ya cika na takwas. A gefensu wani tsoho na zaune a kan takalminsa, Baba Sambo daga Ceberu, ya biyo nasa ragon kamar yadda na biyo nawa. Janareto na ruri a bayan gini, daga tagar babban ɗaki kuma wani irin gurnani ke fitowa, ya tashi ya sauka, ya tashi ya shaƙe.

Baba Sambo ya girgiza kai. "Ji yadda take nishi, baiwar Allah. Tun sahe take lissahin injinanmu. Dole ta nemi nama, ɗiyata. Aikin ya yi mata yawa."

Na tashi kamar zan nemo wa ragona ruwa, na bi ta gindin tagar, na saci kallo ta gefen labule.

Allah ya ja zamanin Maigirma, Sarkin Sanyin Ɗaki, Magajin Kujera Mai Juyawa, Uban Masu Jira! Ga shi nan zaune, hula a gefe, babbar riga a naɗe a kafaɗa, harshe a waje kamar ɗan makaranta mai koyon rubutu. A cikin gilashin kwamfutar wata jar mota ce ke gudu a kan titi, shi ke tuƙa ta da yatsu. Ta yi gudu ta yi gudu, sai ta ƙame wuri ɗaya, ta yi ta fizga kamar mai shaƙuwa. Kafin ta farfaɗo sai ka ga wasu motoci shuɗɗa sun bayyana can gabanta. Maigirma ya daki tebur.

"Sun sake wuce ni! Sakatare! Ina mutumin nan na Sakkwato?"

Ni fa ban ga laifin Maigirma ba, kada wani ya yi mini mummunar fahimta. A wannan zamanin mutum ya wuni yana tuƙi ba tare da ya shiga layin mai ba, ai baiwa ce. Kuma titin da ke cikin gilashin nan, wallahi, ba rami ko ɗaya, ga fitilu dama da hagu, ga gada, ga furanni. Shi kaɗai ne titin da na ga an kammala tun da Maigirma ya hau kujerar. Dole mutum ya so ya zauna kusa da aikinsa.

Ina tsaye wajen randa a bayan gini sai ga mutumin Sakkwaton ya iso, Abdulgani, mai gyaran na'ura, da 'yar jakarsa a rataye. Ya ga raguna ya tambayi Nagoggo ko biki ake yi.

"Naka ne, injiniya. Takwas ɗin da ka ce a nemo. Ga su nan cif."

Abdulgani ya tsaya ya dubi ragunan, ya dubi Nagoggo, ya ce yana zuwa. Ya zagayo bayan gini inda nake, ya dafa bango, ya fashe da dariya har sai da ya durƙusa. Da ya ɗago ya gan ni, ya rasa wanda zai gaya wa, sai ya gaya mini.

"Ƙanwata, ke ma ɗaya daga ciki naki ne? Wayyo cikina! Zo ki ga ragon da na ce."

Ya buɗe jaka ya fito da wani ɗan koren abu, siriri, kamar ƙaramin matajin aljihu, da wasu baƙaƙen ƙwayoyi jere a jikinsa. Ya ce sunansa ram. Zuwansa na baya ya gaya wa Sakatare cewa kwamfutar na buƙatar ƙarin ram, mega takwas, a shirya kafin ya dawo. Shi kuwa Malam Sakatare, Limamin Turanci, wanda ko atishawa da Turanci yake yi, ya san ram a Turance rago ne. Kalmar mega ce bai gane ba, sai ya fassara ta da manya.

Na tambaye shi a hankali mene ne amfanin abin. Ya ce in ɗauka kwamfuta gida ce mai rumbu da turmi. Rumbu shi ke ajiye komai, ko an kashe wuta yana nan. Turmi kuwa shi ne wurin da take zuba abin da take aiki a kansa yanzu-yanzu, kuma shi ne wannan ram ɗin. In turmin ƙarami ne, sai ta daka kaɗan, ta koma rumbu ta ɗebo, ta sake dakawa, ta sake komawa. Wannan kai-komon shi ne shaƙuwar da jar motar ke yi. Mega kuma mudun awonsa ne.

"Buga wasiƙa da ajiye sunaye," in ji shi, "mega huɗu ya ishe su, har da saura. Sababbin manhajojin nan masu hotuna suna son takwas kafin su saki jiki. Wasan mota irin na Maigirma sai sha shida. Masu zanen gine-gine da taswira kuwa, su sai talatin da biyu, kuma ko rabin haka ba a buƙata a nan."

Na ce, "Yanzu nawa gare ta?"

"Takwas."

"Rabon injinan ban ruwa fa, nawa yake so?"

Ya daina dariya, ya sosa ƙeya. "Wannan ko huɗu ya yi yawa."

Ku ji fa, jama'a. Turmin da zai daka mana abin da aka yi mana alkawari yana nan tun ranar da aka yi kiɗa, har ya ninka abin da ake buƙata. Ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba. Albasar Baba Sambo ta bushe ne a gefen turmin da ba a taɓa zuba mata komai a ciki ba. Ƙarin da ake nema, wanda ya fitar da ni daga gida da rana tsaka, don kada shuɗɗan motoci su sake wuce Maigirma ne.

Na ce masa, idona a ƙasa, "Nawa na suna ne. Jibi."

Daidai lokacin Malam Sakatare ya fito, ciki a gaba, biro uku a aljihu, yana tafa hannu.

"Injiniya! Ka iso? Ga ram ɗinka, mega-mega, ni da kaina na sa aka zaɓo. Sun yi?"

A nan ne na ɗauka za a yi ta ta ƙare, mai ilimi zai faɗi gaskiya, kowa ya kwance dabbarsa. Abdulgani ya zagaya ya tsaya a gaban ragunan. Ya dubi ƙahonsu, ya dubi gadon bayansu. Ku tuna babbar Sallah ta matso. Na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya mayar da ɗan koren abin can ƙasan jaka, ya ja zif.

"Sun yi, yallaɓai. Gaskiya an iya zaɓe. Sai dai akwai ƙa'ida. Wannan na'urar bibbiyu ake sa mata ram, kuma dole gudunsu ya zo ɗaya. In ɗaya ya fi ɗaya sauri, sai ta rikice."

Daga baya ya rantse mini cewa wannan ƙa'idar gaskiya ce, haka ake sa korayen abubuwan. Ko don ni ya faɗe ta a wurin, ko don a san ya yi karatu a Kaduna, Allah ne masani.

Malam Sakatare ya gyara tsayuwa. "Ai na sani. Yanzu nake shirin faɗa. Nagoggo! A gwada gudunsu."

Jama'a, da idona na gani. Aka ja layi da ƙafa a ƙasa daga gindin dogon yaro, aka ce bangon ofis ne iyaka. Aka fito da ma'aikata daga ɗakunansu, waɗanda manomi bai taɓa samu a kan kujera ba, yau ga su duka, kowa ya riƙe rago. Akawu ya naɗe ƙafar wando. Mai kula da sito ya cire agogo ya riƙe a hannu don ya auna. Manoman da suka zo jiran inji suka jeru a jikin katanga. Har direbobi suka bar layin mai suka zo kallo, suna zaɓen gwani.

Nagoggo ya ɗaga murfin tukunya ya buga da dutse. Raguna suka zabura. Biyu suka nufi bango, ɗaya ya shige ƙarƙashin motar Maigirma, ɗaya ya tunkuyi akawu ya zubar da shi a kwata. Na Baba Sambo, farin balami mai dogayen ƙafafu, ya riga kowa isa, tsohon har ya manta da halin da yake ciki, ya yi kabbara don murna. Nawa ma, duk da nauyinsa, ganin 'yan uwansa na gudu sai ya ɗaga ƙafa ya bi su, kuma abin haushi yana ta kamo na gabansa.

Akwai wani ɗan sauti da nake yi da harshe in na kawo masa dusa. Ba ya da ƙarfi, ko Inno ba ta cika jin sa ba. Na ja gyale na rufe bakina, na yi shi sau ɗaya.

Ragon ya ja birki a tsakiyar fili. Ya juyo, ya ratsa ta tsakanin ƙafafun mai agogo, ya dawo da gudu inda aka faro, ya tsaya a gabana yana shinshina hannuna. Da bai ga dusa ba sai ya kwanta.

Kowa ya juyo yana kallonmu. Malam Sakatare ya dubi injiniya.

Abdulgani ya murtuke fuska kamar likita. "Yallaɓai, wannan ribas gare shi. In aka sa shi, motar Maigirma baya za ta riƙa yi. Ga shi kuma kala biyu, ba shi da abokin haɗi."

"Subhanallahi! Wa ya kawo mana wannan? Nagoggo, so kake ka kashe na'urar hukuma? A fitar da shi yanzun nan! Ke, ja abinki, kada in sake ganin sa a harabar nan."

Ban taɓa jin kora mai daɗin wannan ba. Na kama igiya na nufi ƙofa.

Amma kafin in kai ƙofa na ji ana sabon lissafi. Raguna sun koma bakwai, bakwai kuma ba ta rabuwa bibbiyu. Wani manomi ya ce to a saki ɗaya mana su zama shida. Malam Sakatare ya dube shi kamar ya zagi uwarsa, ya ce ba a rage wa Maigirma, sai dai a ƙara. Injiniya kuma, da ya ga ƙofa ta buɗe, ya yi gyaran murya ya ce in dai ana son motar ta yi gudun da babu mai kamo ta, gara a kai ƙarin sha shida gaba ɗaya, don wasannin da ke fitowa baɗi sun fi na bana ci. Aka ce Nagoggo ya sha ruwa ya kama hanyar Gwandu, ya nemo cikon ragunan.

Baba Sambo na nan zaune a kan takalminsa. Ragonsa ne ya zo na ɗaya, don haka shi aka fara shigarwa bayan gini. Da na zo wucewa ya ɗago ya ce, "Kin yi sa'a, ɗiyata, naki bai da ilimi. Ni dai in wanga zai sa ta gama lissahin injinanmu, na yahe." Na buɗe baki in gaya masa abin da na gani ta taga, sai ga Sakatare na tahowa, maganar ta koma ciki. To ga ta nan na rubuta, Baba. Duk wanda ya iya karatu a Ceberu ya karanta maka, da ƙarfi.

Ban sani ba ko Maigirma ya san abin da aka yi da sunansa a harabar. Masu kare shi za su ce yana ciki yana aiki, bai ji ba. Na yarda. Mutumin da ya shekara bai ji kukan manoma a gindin tagarsa ba, ba kukan rago ne zai ji ba. Abin da na sani shi ne ɗan koren abin nan za a zura shi a na'ura cikin ƙiftawar ido, jar mota za ta daina shaƙuwa, ragunan kuma za su bi ta ƙofar baya, kowanne ya nufi gidan da ya fi gidan mai shi tsawon katanga. Ranar Sallah za a yi layya da su, a ɗaga hannu a roƙa wa talakawa sauƙi.

Mun iso gida da la'asar sakaliya, ni da ragon muna jan ƙafa. Inno ta rangaɗa guɗa, Hadijatu ta fashe da kuka daga ɗaki, Indo ta leƙo ta ce ita dama ta san aljanin ba ya cin mai kala biyu. Gobe in Allah ya kai mu za a raɗa wa yarinya suna, kuma za a ci nama a gidanmu, na rago mai ribas. Wanda ya ci ya ga yana tafiya da baya, kada ya zo wurina.

Af, na kusa mantawa. Ina fita daga harabar na ji injiniya na gaya wa Malam Sakatare cewa akwai wani ɗan abu mai wutsiya da ake turawa a kan tebur, shi ma dukan da yake sha a hannun Maigirma ya kusa kashe shi, za a nemi sabo. Sunansa da Turanci, in ji shi, maus, wato ɓera. Wannan gudunmawar kam ina roƙon hukuma ta fara da gidanmu. Inno ta ce ko ɗari ake so, a zo da buhu.